Ba kilo kaɗai ba ne: yadda ƙattin sahun gaba da tsarin tsaro ke raba gardama a ƙwallon jami'o'in Amurka

Ranar 31 ga Disamba 2022, TCU, wata jami'a mai zaman kanta da ke Fort Worth a jihar Teksas, ta doke Mishigan 51-45 a wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin Mishigan ta zo ne ta buga 13 ta ci 13, kuma mutum biyar ɗinta na sahun gaba su aka ba kyautar Joe Moore shekara biyu a jere, 2021 da 2022, wato kyautar layin da ya fi kowanne iya ture mutane a ƙasar gaba ɗaya. Kwana tara bayan nan, 9 ga Janairu 2023, wannan TCU ɗin dai, koci ɗaya, yara ɗaya, tsarin tsaro ɗaya, Jojiya ta yi mata 65-7 a wasan ƙarshe. Wasu suka ce ai dama sa'a suka taka a kan Mishigan, wasu suka ce Jojiya ƙatti ne kawai shi ke nan. Ni dai duka biyun ba su gamsar da ni ba, domin Mishigan ma ƙatti ne, in da kilo kaɗai ne ke ci da ba a je ko'ina ba.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ga abin da ya kamata ka riƙe. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Ko dai a ruga da ita a hannu, ko kwatabak, wato jagoran hari da ake fara miƙa wa ƙwallo, ya jefa wa wani a gaba. Kuma kowane karo yana farawa ne da sahu biyu sun durƙusa suna kallon juna, hanci da hanci. Masu kai hari suna da mutum biyar a sahun: santa a tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, gad biyu hagu da dama, takul biyu a gefe. A manyan jami'o'i da wuya ka ga wanda bai kai kilo 135 ba a cikinsu. Ba sa taɓa ƙwallo in ban da santa, ba a kiran sunansu sai sun yi laifi, kyamara ma ba ta damu da su ba, amma duk abin da zai faru a bayansu su ne suka ba shi izini.

To yanzu ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Mutum biyar a jere suna buɗe ƙofa shida da mai gudu zai iya bi: biyu a gefen santa, biyu tsakanin gad da takul, biyu a wajen takul. In aka ƙara tait-en, wato wani mai jiki da ke tsayawa a ƙarshen sahu wanda yana iya turewa kuma yana iya kama jifa, ƙofofi sun zama bakwai. A ce masu kai hari sun baza masu kama jifa uku a faɗin fili. Dole masu tsaro su ware mutum uku su bi su, saura takwas. In suka sa bakwai a gaba, ƙofa ɗaya mutum ɗaya, to sefti, wato mai tsaron ƙarshe, ɗaya tak ya rage a can baya yana gadin fili mai faɗin yadi 53, duk wanda aka tsere wa a gefe shi ke nan an tafi. In kuma suka ce a'a mu sefti biyu muke so a baya kar a jefa mana ta sama, to mutum shida ne a gaba suna tsaron ƙofa bakwai. Ƙofa ɗaya ba mai ita. Duk wani tsari da ka ji ana faɗa, 4-3 ne, 3-4 ne, 4-2-5 ne, 3-3-5 ne, wallahi in ka tono ƙasansa amsar tambaya ɗaya yake nema, wa zai rufe wannan ƙofar da ta yi saura. Lambobin nan ba wani sirri ba ne, na farko yawan ƙattin da ke durƙushe a gaba, na biyu lainbaka da ke tsaye a bayansu, na uku in akwai shi masu tsaron baya.

A nan ne girman jiki ke shigowa, kuma ba ta hanyar da mutane ke zato ba. Amfanin ƙato a sahun tsaro shi ne yana saya wa ƙungiyarsa mutum ɗaya kyauta. Ka ɗauki Jordan Davis na Jojiya a 2021. Tsawonsa mita 1.98, nauyinsa kusan kilo 155, wato buhun shinkafa uku mai kilo 50 har da ɗoriya, kuma da aka gwada shi kafin ya shiga NFL, wato gasar ƙwararru, ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.78. In ya durƙusa a kan santa, santa shi kaɗai ba zai iya da shi ba, dole gad ya zo taimako. Mutum biyu sun maƙale a jikin mutum ɗaya, gad ɗin da ya kamata ya wuce gaba ya tare lainbaka bai wuce ba, sai ka ga lainbaka Nakobe Dean ya taho a guje babu wanda ya taɓa shi ya kama mai ƙwallo tun bai kai layi ba. A takarda Dean za a rubuta wa aikin. Davis sau 2 kacal ya kayar da kwatabak a duk kakar, amma shi aka ba kyautar Outland, ta gwanin 'yan sahu, da ta Bednarik, ta gwanin masu tsaro, domin masu sanin wasan sun ga abin da yake yi: saboda shi Jojiya tana iya tsare gudu da mutum shida ta bar sefti biyu a baya, ba ta zaɓa tsakanin biyun ba kamar kowa. Maki 10 da ɗan ɗoriya ake cinsu a kowane wasa a shekarar, kuma mutum biyar daga wannan tsaron aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL na 2022. Kafin shi akwai Terrence Cody na Alabama a 2008 da 2009, ya ma fi shi nauyi, a kansa Nick Saban, kocin Alabama na lokacin, ya kafa 3-4 ɗinsa, shi ne wanda ya toshe bugun maki uku har sau biyu a wasan da suka sha da ƙyar 12-10 a kan Tennessee.

Amma kar a ɗauka in ka samu irin wannan mutumin ka gama. Notre Dame ta 2012 tana da nata, Louis Nix a tsakiya, Stephon Tuitt a gefensa, Manti Te'o a baya, ba a ci su ko sau ɗaya ba har wasan ƙarshe, kuma su ma maki 10 da wani abu ake cinsu. Ranar 7 ga Janairu 2013 Alabama ta yi musu 42-14, ta ci yadi 265 da gudu kawai, Eddie Lacy 140, T.J. Yeldon 108. Layin Alabama na ranar shi ne Cyrus Kouandjio, wanda haifaffen Kamaru ne, da Chance Warmack, da Barrett Jones, da Anthony Steen, da D.J. Fluker. Abin da za ka lura in ka sake kallon wasan shi ne ba wai sun fi Nix nauyi ba ne. Mutum biyu za su kama shi, su riƙe shi na ƙiftawar ido har ya tsaya cak, sai ɗaya ya sake shi ya haura kan lainbaka, ɗayan ya ci gaba da riƙe shi shi kaɗai. Wannan sakin da haurawar, a daidai lokacinta, ita ce sana'ar. In aka yi ta da wuri ƙato ya ƙwace, in aka makara lainbaka ya wuce. Da suka iya ta, mutumin da Nix ya saba saya wa Notre Dame kyauta sai ya ɓace, Te'o ya wuni yana karo da gad maimakon mai ƙwallo.

Sauran jami'o'i da suka ga ba za su iya tara irin waɗannan mutanen ba, ba su zauna sun naɗe hannu ba. Suka ce to tunda ba za mu iya ture ƙaton nan ba, bari mu gajiyar da shi. Doka ta ce in masu kai hari suka canja ɗan wasa, dole alƙali ya tsaya kan ƙwallo ya ba masu tsaro dama su ma su canja. In ba su canja ba fa, babu jira. Sai aka daina taruwa ana shawara kafin kowane karo, ana kayar da mutum a tashi a jeru a sake, a sake, mai kilo 160 yana haki yana kallon benci ba halin fita. Kuma aka baza fili da masu kama jifa huɗu, yadda lainbaka mai kilo 115 da aka raina don karo zai tsinci kansa yana bin yaro mai gudu a fili fetal. A Oktoban 2012 Saban da kansa ya fito yana tambaya wai haka ake so wasan ya koma, yana kawo batun lafiyar 'yan wasa. Wata ɗaya bayan nan kwatabak Johnny Manziel da Texas A&M suka je har gidansa suka ci 29-24. A 2013 Auburn ta Gus Malzahn ta ci yadi 296 da gudu a kansa, kowa yana tuna yadda Auburn ta ci wasan a daƙiƙar ƙarshe amma wannan adadin ne ya fi nuna inda matsalar take. A 2014 aka kawo shawarar hana fara karo kafin daƙiƙa 10 su wuce, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka ajiye ta ba a zartar ba. Ranar 1 ga Janairu 2015 Ezekiel Elliott na Ohio State ya yi musu yadi 230, aka ci su 42-35. Ko a Janairun 2017, da tsaron Alabama ya riga ya sauya, Clemson ta buga karo 99 a wasan ƙarshe, kuma a kwata na huɗu ne da ƙafafu suka yi nauyi ta zuba maki 21 ta ci 35-31.

Abin da ya burge ni da Saban shi ne ƙorafin bai hana shi gyara ba. Ya rage neman manyan lainbaka masu nauyi ya koma kan masu gudu, masu tsaron baya biyar suka zama abincin yau da kullum, kuma shi ma ya ɗauki saurin ya sa a nasa harin.

Akwai kuma wata doka da ta ƙara dagula wa masu tsaro lissafi. A jami'a an yarda 'yan sahun gaba su wuce layi har yadi 3 kafin a jefa ƙwallo, a NFL yadi 1 ne. Yadi biyun nan na bambanci su suka haifi abin da ake kira RPO: layi yana turewa kamar gudu za a yi, kwatabak ya sa ƙwallo a cikin mai gudu amma bai saki ba, idonsa na kan lainbaka ɗaya. In ya taho rufe ƙofa sai a zare ƙwallo a jefa ta inda ya bari, in ya tsaya sai a sakar wa mai gudu. Duk abin da ya yi ya yi kuskure. Shi ya sa ƙaton da zai riƙe ƙofa biyu ya ƙara tsada, domin shi ke ba wannan lainbakan damar ya ɗan jira.

To ina wanda ba shi da ƙaton? Domin gaskiyar magana mutanen nan ba su da yawa. Yaro mai kilo 140 da ke iya gudu, a duk shekara 'yan ƙalilan ne ke fitowa daga sakandare a faɗin Amurka, da yawansu daga jihohin kudu maso gabas, kuma Alabama da Jojiya da LSU da Ohio State da ire-irensu ke kwashe su. Daga 2007 zuwa 2025 babu shekarar da rukunin SEC, na jami'o'in kudu maso gabas, bai fi kowane rukuni yawan waɗanda NFL ta ɗauka ba. Mai gudu da mai kama jifa kuwa ko'ina ana samu. Daga wannan rashin ne 3-3-5 ta fito. Joe Lee Dunn ya yi amfani da ita a Memphis State ya doke USC 24-10 a 1991, Rocky Long ya raine ta a New Mexico inda Brian Urlacher ya yi suna. Amma wadda ta bazu a zamanin nan ita ce ta Jon Heacock, kocin tsaro a Iowa State. A 2017, a tsakiyar kaka, shi da babban koci Matt Campbell suka duba suka ga ba su da ƙatti huɗu da za su iya tsayawa, kuma a rukunin Big 12 kowa jifa yake kamar ruwan sama, sai suka cire ɗaya daga sahu suka ƙara sefti na uku a tsakiyar baya. Suka je Norman suka ci Oklahoma ta Baker Mayfield 38-31, shekarar da ya ɗauki Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, sannan suka ci TCU 14-7.

Yadda take aiki yana da daɗin fahimta. Ƙatti ukun ba sa bazuwa, matsewa suke ciki: ɗaya a kan santa, biyu a kafaɗar ciki ta takul, sai tsakiya ta cushe. Mai gudu ya zo ya tarar ba hanya, dole ya karkata gefe, kuma duk takun da ya yi a kwance ba gaba ba lokaci ne yake ba seftin da ke tahowa daga yadi 10 a guje. Kwatabak kuma kafin a fara yana ganin mutum biyar ko shida kawai a gaba, lissafinsa ya ce a yi gudu, ana farawa sai biyar su zama takwas. Wato ba su rufe ƙofar da ta yi saura da jiki ba, sun rufe ta da gudu, a makare amma a kan lokaci. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, matuƙar yawan ya iso kafin ƙarfin ya gama aikinsa.

Wannan tsarin Joe Gillespie ya kawo TCU daga Tulsa a 2022 ƙarƙashin Sonny Dykes, bayan fiye da shekara ashirin da Gary Patterson ya yi yana buga 4-2-5 a can. Kafin wasan Mishigan kowa cewa yake mutum uku a gaba ba za su iya da layin da Olusegun Oluwatimi ke jagoranta ba, santan da iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda ya ɗauki Rimington, kyautar gwanin santa, da Outland a shekarar. Karon farko ma Donovan Edwards, mai gudun Mishigan, ya ɓalle yadi 54, ka ce maganar ta tabbata. Amma daga nan TCU ta ƙi tsayawa a ture ta. Ƙattinta ba sa jiran karo, ana miƙa ƙwallo sai su zame gefe su faɗa wata ƙofar, lainbaka irin Dee Winters su kutsa ta inda gad ya tashi. Layin Mishigan ya saba da ja, wato gad ya bar wurinsa ya zagaya ya buɗe hanya a wani gefen, kuma duk gad ɗin da ya tashi ya bar rami a bayansa na ɗan lokaci, TCU ta wannan ramin ta rinƙa shiga. Sai dai a faɗi gaskiya, ba su tsayar da Mishigan ba. An ci su maki 45, an yi musu fiye da yadi 500. Abin da suka yi shi ne sace dama: sau biyu Mishigan ta je bakin layin ci ta dawo hannu rabbana, ɗaya da wata dabara da ta watse a dama ta huɗu, ɗaya ƙwallo ta suɓuce a yadi 1, sannan Bud Clark da Winters kowanne ya cafke jifan J.J. McCarthy ya ruga da ita har ya ƙetare layin ci. Kuma Blake Corum, babban mai gudun Mishigan, yana jinya bai buga ba. Tsari irin wannan caca ce mai lissafi, za a ci ka da dogon gudu nan da can, kai kuma kana fatan ka kayar da su a baya sau da yawa har su bar abin da suka iya su koma jifa.

Jojiya ba ta ba su wannan damar ba, kuma dalilin ba a tsakiyar sahu kaɗai yake ba. Ƙattin Jojiya har gefe sun kai. Tana da tait-en biyu, Brock Bowers da Darnell Washington, na biyun tsawonsa ya haura mita 2 kuma yana kusan kilo 120. In suka shigo tare ƙofofi sun zama takwas, kuma wanda zai rufe na gefen sefti ne mai kilo 90. Dabarar korar mai gudu zuwa gefe ta zama korar shi zuwa inda aka fi ƙarfinka. In seftin ya taho da wuri don kar Washington ya same shi a tsaye, sai kwatabak Stetson Bennett ya yi kamar ya miƙa ya jefa wa Bowers ta bayansa, Bowers ya tashi da yadi 152 a daren. Duk abin da 3-3-5 ta dogara da shi, wato sefti ya karanta ya taho a makare, sai ya zama shi ne abin da ake wasa da shi. A ɗaya ɓangaren kuma Jalen Carter da abokansa na sahun tsaron Jojiya sun isa su matsa wa Max Duggan, kwatabak ɗin TCU, su kaɗai ba tare da an turo ƙarin mutum ba, saboda haka mutum bakwai suna baya suna jiran jifa. Quentin Johnston da ya yi wa Mishigan yadi 163, ƙwallo ɗaya ya kama, yadi 3. Jojiya ta tashi da yadi 589, TCU 188.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne zurfin benci. Jordan Davis da ake ta magana, ƙasa da rabin karon yake bugawa a yawancin wasanni, in ya fita Carter ne ke shigowa, ga Devonte Wyatt, ga Travon Walker. Jami'o'i da yawa suna da ƙato ɗaya nagari, wasu biyu. Masu bakwai ko takwas da za a rinƙa juyawa su ne ake ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya, kuma shi ya sa wasa yakan yi kunnen doki har hutun rabin lokaci sannan a kwata na huɗu ka ga gudun yadi 3 ya koma yadi 8. Ko su Jojiyar an taɓa samun lagonsu a 2021: a wasan ƙarshe na SEC Alabama ba ta ɓata lokaci tana karo da Davis ba, layinta ya riƙe, Bryce Young ya jefa yadi 421, aka tashi 41-24. Ƙaton tsakiya ba shi da amfani sosai in ƙwallo ta sama take bi kuma kwatabak yana da lokaci.

Misalin da ya fi nuna min yadda tsoron ƙarfi ke lalata tsari shi ne Ohio State da Mishigan. A Nuwamban 2021 Mishigan ta ture su a dusar ƙanƙara, yadi 297 na gudu, Hassan Haskins ya ƙetare layin ci sau 5, 42-27. Abin ya yi musu ciwo, suka ɗauko Jim Knowles daga Oklahoma State ya gyara tsaro. Da aka haɗu a Columbus a 2022 sun ƙudura cewa ba za a sake ture su ba, suka sauko da sefti gaba, suka bar na baya ɗaya da ɗaya ba mai taimako. Kuma a rabin farko sun rufe gudun, wannan gaskiya ne. Amma kuɗin da suka biya shi ne Cornelius Johnson ya kama ta yadi 69 da ta 75, Colston Loveland ta 45, sannan a ƙarshe da kowa ya cushe a gaba Edwards ya fasa sahun farko sau biyu ya tarar babu kowa a baya, yadi 75 da 85. Aka tashi 45-23. Layin Mishigan bai ture su kamar bara ba, amma tsoronsa ne ya jawo seftin gaba, wato ya ci wasan tun kafin a fara.

Sai kuma makarantun soja, Army da Navy da Air Force, waɗanda nake ganin sun fi kowa cancantar a yaba musu a wannan fannin. Yaransu hafsoshi za su zama, akwai ƙa'idar jiki da ta horo, 'yan sahun gaban ma sai sun sauke nauyi bayan sun gama wasa kafin a ba su muƙami, kuma yaron da ke mafarkin NFL ba nan yake nufa ba. Shekara da shekaru maganinsu shi ne ofshin mai zaɓi uku: ba sa tare ƙaton gefe sam, barinsa suke ya shigo, kwatabak ya karanta shi, in ya bi mai gudun tsakiya a riƙe ƙwallo, in ya tsaya a miƙa, in wani ya taho kan kwatabak a wurga wa na gefe. Mutum biyu an cire su daga lissafi ba tare da an taɓa su ba, sauran kuma a sare su ta ƙafa maimakon a yi ƙirji da ƙirji. Da haka Navy ta Paul Johnson ta ci Notre Dame 46-44 a 2007 bayan shan kashi 43 a jere. Da haka Army ta je Oklahoma a 2018 ta riƙe ƙwallo fiye da minti 44 cikin 60, Kyler Murray, kwatabak ɗin Oklahoma, yana zaune a benci yana kallo, sai a ƙarin lokaci aka ci su 28-21. A 2022 aka taƙaita saran ƙasa da ƙugu, aka hana shi a wajen tsakiyar sahu saboda raunin gwiwa, kuma ina ganin dalilin yana da ƙarfi, amma babu wanda dokar ta taɓa kamar su. Army ta gwada sauya salo a 2023 abin bai zauna ba, ta koma kan gudunta, a 2024 ta ci wasa 12, ta ɗauki kofin rukuninta, kuma layinta ne ya karɓi kyautar Joe Moore.

A 2024 ɗin dai, ranar 23 ga Nuwamba, suka haɗu da Notre Dame a filin Yankee da ke New York, Army ta buga 9 ta ci 9. Tsarinsu yana rayuwa ne a kan yadi 3 ko 4 a kowane karo, dama ta uku ta zama gajera, in ta kama a buga ta huɗu. Sahun Notre Dame ya hana su waɗannan yadin na farko ba tare da ya nemi taimakon kowa ba, Bryson Daily, kwatabak ɗin Army, ya rinƙa tsintar kansa yana buƙatar yadi 7 ko 8, abin da ba a gina ƙungiyar don shi ba. A ɗaya gefen kuma ofshin ba ya iya ɓoye ƙarancin jikin masu tsaro, Jeremiyah Love, mai gudun Notre Dame, ya ɗauki ƙwallo sau 7 ya ci yadi 130, aka tashi 49-14.